Yinin da Na Riƙe Jaririn Rabi

Cikin ranakun aikina akwai wadda ban taɓa mantawa da ita ba, ita ce wata ranar Alhamis da na riƙe jaririn mutane tun hantsi har azahar, na hana kowa karɓarsa. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu kun ji labarin gutsi-gutsi, har wata a cikinku ta tambaye ni ko gaskiya ne na taɓa samun taɓin hankali. Ban samu ba. Bari in ba ku labarin bi da bi, yadda ya faru.

A farkon shekarun saba'in ne, a likita, wato ƙaramin asibiti, ta wani gari da ke tsakanin Konni da Illela. Ba zan faɗi sunan garin ba, domin waɗanda abin ya shafa suna da jikoki. Shugabanmu shi ne Majo, wato babban ma'aikacin jinya. Sai Madam, sajfam, wato ungozomar gwamnati mai zurfin karatu. Daga yamma aka turo ta, Hausarta kuma ta isa ta yi cefane ta yi faɗa, amma ba ta isa lallashi ba. Sai ni, Balki, mataimakiyarta. Lakwal, wato makarantar firamare, na gama, na sami sartifika a karo na biyu, aka yi mini horon wata shida a Konni. Aikina shi ne dafa kayan aiki, auna mata da jarirai, rubutu a babban kaye, wato littafin rajista, da juya maganar Madam zuwa Hausar da za a iya ji ba a tashi an fita ba.

Ya kamata ku san halina, domin labarin ba zai fahimtu ba sai da shi. Ni mutum ce mai damuwa. In na kulle ɗakin magani sai na dawo na tura ƙofar sau biyu. In na dafa almakashi na minti ashirin, sai in ƙara biyar saboda ban tabbata lokacin da ruwan ya fara tafasa ba. Majo ya taɓa cewa da ni aka ba gadin kasuwa, da ba a saci komai ba, kuma da ba a sayar da komai ba. Ba na kuma yin ƙarya. Ba don na fi kowa tsoron Allah ba, sai don in na yi ta, nakan yi sati ina tunanin wanda zai gano.

Dokar Madam game da mabiyiya ita ce, kada a ba dangi sai ta duba. Tsofaffi na ce mata uwa, kuma kun san yadda suke da ita: a wanke, a binne a bayan ɗaki da wuri, kada ta sha iska, kada idon baƙo ya gan ta. Madam kuwa sai an shimfiɗa ta a tasa, ta juya ta gaba da baya, ta tabbata ba wani yanki da ya saura a cikin mace, sannan in ɗora a sikeli in rubuta. Wannan ba ya wuce minti goma. Tsofaffi na jiran minti goman nan a bakin ƙofa kamar an tsare musu ɗan'uwa a jandarma.

Ranar Litinin da safe, lokacin kaka, ana cikin roron wake, aka kawo wata mata mai suna Rabi. Haihuwarta ta uku ce, ba ta ba mu wahala ba. Namiji ne. Cikin ya cika wata tara, amma da na ɗora yaron a sikeli bai kai kilo biyu ba. Na sauke shi, na duba sikelin, na sake ɗorawa. Haka dai. A jikinsa akwai ɗigo-ɗigo masu duhu. Da Madam ta buɗe idonsa na hagu, tsakiyar ƙwayar fara ce kamar an ɗiga nono.

Sai ta koma kan mabiyiya. Wadda muka saba gani tana cika tasa, ja ce, mai kauri. Wannan ƙarama ce, ta koɗe, ba ta da jini sosai. Madam ta daɗe a kanta. Ta kira Majo ya duba, suka yi Faransanci da sauri wanda ban kama duka ba. Minti goma ya zama rabin yini. Uwar mijin Rabi, wata doguwar tsohuwa da ake kira Inna Kulu, ta aiko sau uku. A na huɗu ta zo da kanta ta tsaya a ƙofa, ta miƙo ƙwarya. Madam ta ce a ba ta.

Madam ta sa na tambayi Rabi ko ta yi wani ciwo a farkon cikin. Rabi ta ce lafiyarta lau. Madam ta ce in sake tambaya, in ce ko ƙuraje, ko zazzaɓi, ko kaluluwa a bayan kunne. Rabi ta yi tunani, ta ce:

"Ai wannan ba ciwo ba ne. Da bazara yaran gida sunka yi ɗan baƙon dauro, irin ƙaramin nan, ni ma ya taɓa ni. Kwana ukku ya wuce. Ko kwanciya ban yi ba."

Na juya wa Madam. Ta ƙirga watanni da yatsunta, ta zauna a kan benci.

Ga abin da ta bayyana mini a ranar, kuma na rubuta shi a bayan kayena don kada in ɓata. Ciwon da Faransanci sunansa rubeyol. Ƙwayar da ke kawo shi ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ko madubin da ake duba jini da shi a Konni ba ya nuna ta. Ga babba ba komai ba ce. Amma in ta shiga jinin mace mai ƙaramin ciki, sai ta bi jini zuwa mabiyiya. Mabiyiya kamar rariya take tsakanin uwa da ɗa: abinci na wucewa, ƙazanta da yawa na tsayawa. Wannan ƙwayar ba ta tsayawa. Tana zama a cikin rariyar kanta ta ɓata ƙananan jijiyoyinta, abincin da ke kaiwa ga ɗa ya ragu, shi ya sa yaron bai yi nauyi ba. Sannan ta ƙetara ta sami ɗan a lokacin da ake haɗa masa ido da kunne da zuciya, wato watannin farko. Abin da ta taɓa a lokacin ya taɓu. Wani cikin ma zubewa yake yi. In ciki ya wuce wata biyar, ɓarnar kaɗan ce.

Na ce to, abin ya riga ya wuce ke nan. Madam ta ce bai wuce ba. Uwar ta warke tun bazara, amma yaron da ƙwayar aka haife shi, tana cikin yawunsa da majinarsa da fitsarinsa, kuma za ta yi watanni a can. Duk mace mai ƙaramin ciki da ta ɗauke shi, ta sumbace shi, ta share masa baki, tana iya kwasa ta kai wa nata. Magani kuma ba mu da shi. Abin da muke da shi kawai shi ne nesa.

Tana faɗin haka na tuna da Sahiya.

Sahiya matar ƙanin mijin Rabi ce. Mijinta Isa yana aiki a gidan siminti na Malbaza, can suke zaune, don haka ba ta gida lokacin da ƙurajen suka zagaya. An kawo ta ne sati biyu kafin haihuwar don ta taya aikin jego, ta dafa ruwan wanka, ta yi rainon jariri har arba'in. Shekararta shida da aure ba ta da ɗa. Sau biyu tana samun ciki yana zubewa. Kwana goma kafin wannan rana ta zo likita ta ce kanta ke ciwo, da muka shiga ɗaki ta rufe ƙofa ta ce ba kai ba ne. Madam ta duba ta. Ciki ne, yana cikin wata na uku. Sahiya ta sa na yi mata alkawari ba zan faɗa wa kowa ba. Ko mijinta bai sani ba.

Madam ta riƙe Rabi da jaririn kwana uku a ɗakin ƙurya. A likita ina da iko. Sahiya na kawo abinci, ina karɓa a bakin ƙofa. Ranar Laraba na ja ta gefe na gaya mata komai, har da rariya. Ta saurara har na gama, ta ce:

"Yaya Balki, na ji. To in Inna ta miƙo mani ɗa, mi za ni ce?"

"Ki ce ba ki ɗauka."

"Ni da ban haihu ba in ce ba ni ɗaukar ɗan Rabi? Yaro mai farin ido? Kin san abin da za a ce."

"To ki gaya wa Inna gaskiya."

Ta dube ni kamar na ce ta shiga kasuwa ba zane. "In buɗe baki in ce ma uwar mijina ina da ciki? Kuma sau biyu ina faɗi da wuri, sau biyu yana tahiya. Wanga ba ni faɗi. Ke ma kin yi alkawari."

"To ki koma Malbaza."

"Da izinin wa? Shi ba ya zuwa sai ran suna."

Na kai wa Madam maganar. Madam ta ce abu ne mai sauƙi: gobe in raka su gida, in tara mata, in sanar cewa duk mai ciki ta nisanci yaron. Ba sai na kama sunan kowa ba. Ta ce mai hankali za ta gane. Ni na san garinmu, amma ita ce sajfam, ni mataimakiya. Na rubuta sanarwar a takarda, na gyara ta sau uku, na haddace, na kuma tafi da takardar saboda ko na manta.

Ranar Alhamis da hantsi muka isa gidan. Kafin a gama shimfiɗa wa Rabi, ɗakin ya cika da ƴan barka. Kun san al'adar: kowace ta shigo sai an miƙa mata jariri, ta duba, ta ce Allah ya raya, ta miƙa wa ta kusa. Sahiya na tsakar gida wajen murhu, tana hura wutar ruwan wanka. Na tsaya a bakin ƙofa inda na ciki da na waje za su ji, na buɗe takarda na karanta:

"Madam ta ce a gaishe ku. Madam ta ce, saboda wani ciwo, duk mace mai ciki kada ta ɗauki jaririn nan, kada ta zauna a ɗakin nan."

Kowa ta sami abin kallo a ƙasa. Sai wata tsohuwa da ake kira Iya Dije, wadda ta haura saba'in kuma haƙoranta biyu, ta dafa bango ta miƙe, ta tallafe mararta da hannu, ta ce:

"To, bari in hita. Kar a ce ban bi dokar gwamnati ba."

Aka kwashe da dariya har Rabi. Akwai wata a kusa da ƙofa mai ciki wata takwas, wadda ni da hannuna na auna ta satin da ya wuce. Na dube ta. Ta ce:

"Mi kike kallona, ƴar likita? Ni tuwo na ci."

Ba wadda ta tashi. A nan na gane abin da na yi. Na mai da fita daga ɗakin ya zama shela. Duk wadda ta miƙe ta faɗa wa gari tana da ciki, a gaban uwar mijinta da ƙannen mijinta. Ko wadda ke da niyyar tafiya don ta bar tukunya a wuta, yanzu ba ta iya tashi.

Jaririn na hannun Inna Kulu. Ta leƙa waje ta ɗaga murya:

"Sahiya! Taho ki amshi ɗanki, in je in duba hura."

Na ga Sahiya ta ajiye itace, ta goge hannu a zane, ta taho. Ba ta dube ni ba. Tsakaninta da ƙofa bai fi taku goma ba. Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Na shiga na sa hannu na ɗauke yaron daga cinyar Inna Kulu, na koma ƙuryar ɗaki na zauna, na ce:

"Madam na son a ƙirga numfashinsa."

Madam ba ta ce haka ba. Ina rufe baki na ji nauyin abin. Sai na yi tunani cewa in na ƙirga da gaske na kai mata, za ta so, tunda tana son duk abin da aka ƙirga. Ke nan maganar za ta zama gaskiya, sai dai ta riga lokacinta. Na ciro agogon aiki na fara ƙirgawa. Na rubuta a bayan takardar sanarwa. Na sake. Sahiya ta ɗan tsaya a ƙofa, ta koma wajen wuta.

Haka na yini. In yaron ya yi kuka in miƙa wa Rabi ta ba shi nono, ina tsugune a gabanta, yana saki in karɓe. Ƴan barka na shigowa suna miƙo hannu, ina cewa ana ƙirga. Wata ta ce tun da take ba ta taɓa ganin an yi wa gwamnati barka ba sai yau. Wata ta tambayi Rabi ko ta sayar da shi ne. Aka kawo hura, ban sha ba, don hannu biyu gare ni kuma duka suna aiki. Yaron ya yi mini fitsari sau biyu. Na tuna abin da Madam ta ce game da fitsarinsa, sai na fara damuwa da zanena, da tabarmar, da wanda zai wanke tabarmar. Ni kaina ba ni da aure a lokacin, wannan kaɗai ne abin da ban damu da shi ba a ranar.

Da aka kira azahar na rasa yadda zan yi. Ba a salla da jariri mai fitsari a hannu. Na duba ɗakin gaba ɗaya, na ga mutum ɗaya ce na tabbata da ita. Na je gaban Iya Dije na durƙusa. Amma da yake ni ce, sai da na tambaya:

"Iya, don Allah, ɗazu wasa kike yi ko?"

Matan suka yi dariya har wata ta ƙware. Iya Dije ta ce, "Ɗiyata, je ki yi sallarki. In cikin ya motsa ina gaya maki."

Na miƙa mata yaron, na wanke hannu da sabulun da na zo da shi har gwiwar hannu, na ari zane, na yi salla da sauri. Ina sallamewa na ga Inna Kulu tsaye a kaina. Ta ce in biyo ta. Ta kai ni bayan rumbu inda ba kowa, ta zauna a kan turmi, ni na tsuguna.

"Ɗiyar Malam Audu," ta ce, don ta san ubana. "Ran Litinin kun riƙe muna uwa rabin yini. Yau kin riƙe muna ɗa. Gobe mi za ki riƙe?"

Na ce ta yi haƙuri. Ta ce ba haƙuri ta tambaya ba. Sai na gaya mata duk abin da Madam ta bayyana, daga ƙurajen bazara har rariya. Na yi ta kaffa-kaffa kada suna ya kuɓuce mini. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce:

"Ciwon ga, babba yake kashewa?"

"A'a, Inna. Na ciki yake taɓawa."

"Na wata nawa?"

"Daga farko har wata huɗu. In ya wuce biyar da sauƙi."

"Na wata ukku fa?"

Na ce, "Shi ne a tsakiyar haɗarin."

Ta dubi zangarniyar da ke ƙasa. Ni kuma ina ta bin maganata baya-baya ina neman inda na yi suɓul da baka.

"Ban tambaye ki kowa ba," ta ce.

"Ban faɗi kowa ba, Inna."

"Kar ki faɗi. Sau tara na haihu. In mace ta koma tashi daga murhu duk sa'ad da anka sa daddawa a miya, ba ni bukatar sikeli."

Daga nan muryarta ta sauka. Ta ce, "Shi wanga da ke ɗaki fa? Idon na buɗewa?"

Na so in ce zai buɗe. Na ce ban sani ba. Na ce Madam za ta rubuta takarda a kai shi wurin babban likita a Konni, kuma ta ce a lura da kunnensa. Na ce ba laifin Rabi ba ne, ba kuma don an jinkirta binne uwa ba ne, abin ya faru tun bazara. Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Da kin ce yana buɗewa, da ban yarda da sauran ba." Ta miƙe ta kakkaɓe zane.

Abin da ya biyo baya ban zata ba. Ta nufi murhu kai tsaye, ta tsoma yatsa a tukunyar ruwan wanka, wanda ke tururi kowa na gani, ta ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji:

"Wanga ne ruwan jego? Da wanga za a gasa mani mai jego? Zaman Malbaza ya lalata ki, Sahiya! Ba ki iya komi ba sai kallon motocin siminti. Ga uwarki can tana roron wake ita ɗai. Tattara kayanki ki tahi ki taya ta, ko can kya yi amfani. Kar in ga ƙafarki gidan ga sai na aika!"

Matan suka fito suna ba da baki. "Haba Inna, ranar barka?" "Yarinyar ga tun asuba take aiki." Inna Kulu ta ce wadda ta ji haushi ta bi ta. Sahiya ta yi kuka, kuma kukan gaske ne, domin ba a taɓa yi mata haka a gaban mutane ba. Kafin la'asar wani kawun mijinta ya raka ta bakin hanya, suka hau kamyon, wato babbar motar kaya, da ke zuwa Illela, don ƙauyen iyayenta na wajen can. Inna Kulu da kanta ta ɗaure mata ƙunshin kaya, tana faɗa tana ɗaurewa. Ina tsaye kusa. Na ga ta cusa ƙullin tsamiya a tsakiyar zannuwan, irin wadda ake tsotsa in zuciya na tashi.

Na koma likita na ba Madam rahoto, na miƙa mata takardar numfashi, layi talatin da wani abu. Ta duba ta ce wa ya sa ni. Na ce ita, amma ba ta sani ba tukuna. Ta sa takardar a cikin kaye.

Hankalina bai kwanta ba, don na san Sahiya ce kaɗai muka sani. Akwai waɗanda ba su zo awo ba. Washegari na koma gidan. Na tarar Inna Kulu ta sa kujera a bakin ƙofar mai jego. Duk wadda ta zo sai ta dube ta sama da ƙasa. Ta ce wa wannan shiga. Ta ce wa waccan, "Ɗakin ya cika, yi barkarki daga nan, ta ji." Wani lokaci ɗakin mutum biyu ne a ciki. Haka ta yi har suna, har bayan suna. Na riƙe sunayen waɗanda ta tsayar a raina. Kafin damina ta kama, yawancinsu sun zo hannunmu sun haihu. Ba ko ɗaya daga cikinsu da ke cikin kayena a wancan lokacin.

Abin bai zo mata kyauta ba. Ran suna Isa ya zo daga Malbaza bai tarar da matarsa ba, aka gaya masa yadda aka kore ta. Ya yi wata biyu bai tako gidan ba. A rijiya ana cewa Inna Kulu ta tsani yarinyar don ba ta haihu ba. Tana ji. Ba ta taɓa kare kanta ba, don kare kai na nufin faɗin abin da ba a faɗi. Da cikin Sahiya ya fito, labari ya zo gari, kowa ya yi lissafinsa ya gane. Ba wanda ya je ya ba ta haƙuri, domin ba da haƙurin ma sai an ambaci maganar. Isa dai ya aiko mata da turmin atamfa ba tare da saƙo ba, ita kuma ta ɗinka ta sa ba tare da godiya ba.

Sahiya ta haihu a gidan iyayenta da bazara, mace. Ban ga mabiyiyar ba, abin da ya dame ni ƙwarai. Bayan arba'in ta kawo yarinyar awo. Nauyinta daidai, idanunta baƙaƙe tas, Madam ta saurari ƙirjinta ta ce lafiya. Ni ban saki jiki ba sai da yarinyar ta shekara biyu, na ji da kunnena an kira ta daga bayanta ta waiwayo ta ce ba ta zuwa.

Ɗan Rabi ya rayu. Ido ɗaya yake gani da shi, kuma bai taɓa ji ba. A bayan Inna Kulu ya girma, ita ta ƙirƙiro yadda ake magana da shi da hannu, gidan duka suka koya. Ya zama manomin albasa, ya yi iyali.

Na taɓa tambayar Madam ko da Sahiya ta ɗauki yaron a ranar, da lallai ta kamu. Ta ce ba lallai ba. Mai yiwuwa ta yi ƙurajen tun tana yarinya, kuma wanda ya yi sau ɗaya ba ya sakewa. Na ce yaya za mu sani. Ta ce ba za mu sani ba. Na yi shekaru ina juya wannan amsa. Daga baya na karɓe ta, don haka yawancin aikinmu yake: in ya yi kyau, ba abin da ke faruwa, kuma ba wanda zai iya nuna abin da aka hana.

Abin da nake so ku ɗauka shi ne wannan. Ilimin da ke cikin takardata gaskiya ne, ko harafi ɗaya ban canza ba har yau. Amma na karanta shi ga ɗaki cike da mata, ya ɗaure ƙafar kowa. Na faɗe shi ga tsohuwa ɗaya a bayan rumbu, kafin la'asar an gama aikin. Yanzu kuna da allurar riga-kafi da gwajin jini, abubuwan da mu ba mu da su, amma gidajen ba su canza sosai ba. In aka aike ku da doka irin wannan, kada ku tsaya a bakin ƙofa kuna shela. Ku nemi tsohuwar gidan, ku ja ta gefe, ku gaya mata watannin da ke da haɗari. Sunayen tana da su.